Darasi na Bakwai: Tsayayyen Farashin Wuta da Gas Idan Za a Sauya Gida a Birtaniya

Wanda ya taso a Kano ko Katsina ko Dutse bai saba da zaɓen kamfanin wuta ba. Inda yake zaune ne ke zaɓa masa. KEDCO ce ke ba jihohin nan uku wuta, kamar yadda NIGELEC ke ba mutumin Maraɗi da na Damagaram. Farashi kuma hukuma ke yanke shi, kuma tun 2020 a Najeriya an kasa masu shan wuta rukuni-rukuni, daga A zuwa E, gwargwadon awannin da layinsu ke samu a rana. In ka tashi daga gida, ka bar layin da farashinsa a can, babu abin da za ka ɗauka.

A Birtaniya ba haka ba ne. Mutum ne ke zaɓar kamfanin da zai sayar masa da wuta da gas, ya ƙulla yarjejeniya da sunansa. Don haka ranar da zai tashi daga gida akwai abin da zai iya tafiya da shi, akwai kuma abin da zai rasa in bai buɗe baki ba. Mutanenmu da ke can, ɗalibai da ma'aikatan jinya da magidanta masu haya, suna yawan sauya gida, musamman a shekarun farko. Ana tuna hayar mota, ana tuna makarantar yara, ana tuna kuɗin ajiyar da ke hannun mai gidan haya, amma maganar wuta sai ta zo ƙarshe, wani lokaci ma sai bil ya iso. Dokokin da za mu karanta a nan na Ingila ne da Sikotland da Wales, inda hukumar Ofgem ke kula da harkar. Ailan ta Arewa tana da tata hukumar daban.

Me ake tsayarwa?

Bil ɗin wuta ko na gas kashi biyu ne. Akwai kuɗin yunit, wato abin da ake cajinka a kan kowace kilowat-awa ɗaya da ka sha. Akwai kuma kuɗin kullum, wanda ake ɗora maka kowace rana don kawai gidan yana haɗe da layi, ko da ka rufe ƙofa ka tafi ganin gida na wata guda. Gidan da ke da wuta da gas yana biyan kuɗin kullum guda biyu.

Tun 1 ga Janairu 2019 Ofgem ke sa iyaka ga abin da kamfani zai iya caji a kan waɗannan biyun, ga duk wanda ke kan farashi na gama-gari mai hawa da sauka. Da farko ana sabunta iyakar duk wata shida. Daga Oktoba 2022 aka koma duk wata uku: Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba. Mu duba zango ɗaya kusa-kusa. Daga Oktoba zuwa Disamba 2024, matsakaicin farashi ga mai biya ta banki shi ne peni 24.50 a yunit na wuta da peni 60.99 a rana, sai gas peni 6.24 a yunit da peni 31.66 a rana. A wancan lokacin Ofgem tana lissafi da gida matsakaici mai shan yunit 2,700 na wuta da 11,500 na gas a shekara. In ka buga, wuta ta tashi fam 661.50, gas fam 717.60, kuɗin kullum biyun kuma wajen fam 338. Jimla fam 1,717, kuma wannan ne adadin da aka yi ta faɗa a labarai. Ba wai an hana bil ɗin kowa wuce fam 1,717 ba ne. Gidan da ke da yara biyar da hita a kunne dare da rana zai wuce shi nesa.

Tsayayyen farashi yarjejeniya ce da kamfani ke yi da kai cewa kuɗin yunit da kuɗin kullum ba za su motsa ba har wani wa'adi, galibi wata 12, wani lokaci 18 ko 24. Kamar ka shirya da mai garuwa ne kan kuɗin jarka ɗaya har shekara: ko ruwa ya yi wuya ba zai ƙara maka ba, amma yawan jarkokin da za a juye a gidanka ya rage naka. Shi ya sa ko mai tsayayyen farashi kamfani kan iya ɗaga masa abin da ake cira daga asusunsa duk wata, in aka ga shansa ya ƙaru. Kuma iyakar Ofgem ba ta shafi wanda ya zaɓi tsayayyen farashi da kansa ba. In kasuwa ta sauka, shi yana nan inda ya sa hannu. In yana son fita kafin wa'adi, yawancin irin wannan yarjejeniya tana da kuɗin fita, kuma ana lissafa shi ne daban-daban, na wuta da na gas.

Wanda ya zauna a ƙasar a 2021 da 2022 ya san darajar wannan takarda. Gas ya fara tsada a kasuwar duniya tun kakar 2021, yaƙin Rasha da Yukren ya zo a Fabrairun 2022 ya ƙara hura abin. Iyakar Ofgem ta tashi daga fam 1,277 a Oktoban 2021 zuwa fam 1,971 a Afrilun 2022. Aka sanar da fam 3,549 don Oktoban 2022, har sai da gwamnatin Liz Truss ta shigo da tallafi ta riƙe shi a fam 2,500. Kamfanoni kusan talatin suka durƙushe, ciki har da Bulb mai kwastomomi fiye da miliyan ɗaya da rabi, wanda daga baya Octopus ta karɓa. Wanda ya tsayar da farashinsa na shekara biyu kafin guguwar, kuma kamfaninsa ya tsira, ya ci riba ta ɗaruruwan fam. In irin wannan mutum ya tashi daga gida bai tafi da yarjejeniyarsa ba, ba shi da inda zai samu makamanciyarta, domin a lokacin tsayayyen farashi mai sauƙi ya ɓace daga kasuwa, sai a 2023 ya fara dawowa.

Yarjejeniya taka ce, mita ta gida ce

Nan ne zuciyar darasin, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Kowane gida yana da lambar wutarsa da lambar gas ɗinsa, waɗanda ba sa bin mazauni. Ta wuta ana kiranta MPAN, tana cikin wani akwati a jikin bil mai babban harafin S a gefe, layin ƙasan yana da alƙaluma 13. Ta gas ana kiranta MPRN, alƙaluma 6 zuwa 10. Kowace lamba tana rajiste da kamfani ɗaya. Gidan da za ka shiga yana da nasa kamfanin, wanda mazaunin da ya gabace ka ko mai gidan ya zaɓa.

Daga ranar da gidan ya zama a hannunka, doka ta ɗauke ka a matsayin kwastoman wancan kamfani, ko ka san sunansa ko ba ka sani ba, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba. Za su ɗora ka a kan farashinsu na gama-gari. Wannan farashi yana ƙarƙashin iyakar Ofgem kuma ba shi da kuɗin fita, saboda haka ba tarko ba ne, amma sau da yawa yana cikin mafi tsada da kamfanin ke da shi.

Tsayayyen farashinka kuwa an ƙulla shi ne a kan mitar tsohon gida. Ba zai bi ka da kansa ba. Babu kuma dokar da ta tilasta wa kamfani ya mayar maka da shi sabon gida. Abin yana ga sharuɗɗan yarjejeniyar. Wasu kamfanoni suna yarda ka tafi da shi har ƙarshen wa'adinsa. Wasu sukan ce tsohon ya ƙare da tashinka, amma in ka zaɓi ɗaya daga cikin farashin da suke sayarwa yau za su yafe maka kuɗin fita. Wasu ba sa karɓar kuɗin fita sam in dalilin fitar sauya gida ne. A ganina wannan bayani ya kamata ya kasance a shafin farko na kowace yarjejeniya, amma galibi sai ka tona can cikin ƙananan rubutu, a sashen da ke maganar sauya gida ko kawo ƙarshen kwangila.

Ko kamfanin ya yarda, akwai abubuwan da kan hana farashin zuwa yadda yake. An kasa Birtaniya yankuna 14 na rarraba wuta, kowane da nasa kuɗin layi. Kuɗin kullum na wuta a Landan yana cikin mafi ƙanƙanta, na yankin Liverpool da arewacin Wales yana cikin mafi yawa. Wanda ya tashi daga Landan zuwa Liverpool zai iya riƙe yarjejeniyarsa da sunanta da ranar ƙarewarta, amma a caje shi da alƙaluman sabon yanki. Irin mita ma tana da tasiri. In tsohon gida kana biya bayan ka sha, sabon kuma mitar kati ce da shi, farashinsu ba ɗaya ba ne. Haka in sabon gidan yana da Economy 7, mitar da ke ƙirga dare daban da rana daban, tana ba da awa bakwai masu araha cikin dare. Sannan akwai gidajen da ba su da gas kwata-kwata, musamman benaye masu ɗakuna da yawa, inda girki da ɗumama ɗaki duk da lantarki ake yi. A nan rabin yarjejeniyarka ya faɗi, sai ka tambaya ko za a caje ka kuɗin fita na ɓangaren gas. Wasu benayen kuma tukunya ɗaya ce ke ɗumama kowa, kuma mazauni ba shi da ikon zaɓar wanda zai sayar masa da wannan ɗumi.

Kiran farko

Wata ɗaliba tana haɗa kaya, gwaggonta ta zo taya ta naɗe labule.

"Gwaggo, ai na riga na gaya wa mai gidan zan tashi ƙarshen wata. Shi zai sanar da 'yan wuta."

"Da sunan wa bil yake zuwa, 'yata?"

"Da sunana."

"To ina ruwan mai gida? Ke kika sa hannu, ke za ki sallame su. In ba ki yi ba, wanda ya shigo bayanki ya kunna hita, ke za a nema."

Gwaggo ta yi gaskiya. Ƙa'ida ita ce ka sanar da kamfaninka aƙalla kwana biyu na aiki kafin ranar tashi. In ka yi haka, alhakinka ya ƙare ranar da ka bar gidan. In ba ka yi ba, yana iya ci gaba har bayan ka sanar da su, ko har wani ya karɓi gidan. Amma kwana biyun nan na rufe tsohon asusu ne kawai. Mai son tafiya da farashinsa ya kira tun da mako uku ko huɗu, da zarar ya san adireshi da rana. Tun ran gini ran zane.

Kafin ka kira, nemo bil na ƙarshe ko ka buɗe manhajar kamfanin, ka rubuta sunan farashin da kake kai, da ranar ƙarewarsa, da kuɗin fita. Dubi ranar nan da kyau. Dokar Ofgem ta hana karɓar kuɗin fita a kwana 49 na ƙarshen yarjejeniya. In tashinka ya faɗo cikin waɗannan kwanaki, kana da 'yancin tafiya duk inda kake so kyauta, kuma babu wata riba mai yawa a jan ragowar 'yan makonni zuwa sabon gida.

A wayar, tambayi ko za ka iya tafiya da wannan farashin, da wa'adinsa yadda yake. In sun ce e, kada ka tsaya a nan. Ba su lambar yankin sabon gidan da ke jikin adireshi, wato postcode, ka ce su faɗa maka kuɗin yunit da kuɗin kullum na can, na wuta da na gas. Tambayi ko akwai wa'adin da dole ka nema a cikinsa, da kwana nawa za su ɗauka kafin su karɓi sabon gidan. In sun ce a'a, tambayi ko za su caje ka kuɗin fita. Duk abin da aka gaya maka, roƙi a turo maka shi a imel. Ma'aikacin da ya amsa maka yau ba lalle ne shi za ka samu gobe ba, kuma maganar baki ba ta zama hujja ranar da bil ya zo da wani abu daban. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana iya zama da ɗansa ko abokinsa a gefe, ya gaya wa kamfanin ya ba shi izinin yin magana a madadinsa.

Lissafi kafin yanke shawara

Ba kowane tsayayyen farashi ne ya cancanci a ɗauka a tafi da shi ba. Na ga ya kamata a faɗi wannan da ƙarfi, domin tsoron 2022 ya sa wasu suna riƙe da yarjejeniya mai tsada don kawai sunanta tsayayya. Alƙaluman da ke biye na gwaji ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi.

Mu ɗauka wani magidanci ya tsayar da wuta a peni 24, gas a peni 6. Yau mafi sauƙin da zai samu a kasuwa peni 26 ne da peni 6.5. In shansa matsakaici ne, bambancin wuta a shekara 2,700 sau peni 2, wato fam 54. Na gas 11,500 sau rabin peni, wato fam 57.50. Jimla fam 111.50 a shekara. Wannan ya roƙi a bar masa farashinsa, babu wata tantama.

Mu juya. Wata mata ta tsayar da nata a peni 27 da peni 7, kasuwa kuma ta sauko zuwa peni 25 da peni 6.2. Saura wata shida wa'adinta ya cika, kuɗin fita fam 50 ne a kan kowanne, wato fam 100. A shekara guda bambancin fam 54 ne da fam 92, jimla fam 146. Mai gaggawa zai raba biyu ya ce fam 73. Amma gas ba a shansa daidai a kowane wata. In wata shidan daga Afrilu ne zuwa Satumba, lokacin da hita ke kashe, wataƙila yunit 1,200 na wuta za ta sha da 3,000 na gas, ribar fita fam 48 ke nan, ba ta kai rabin kuɗin fita ba. Gara ta tafi da tsohon farashinta. In kuma daga Oktoba ne zuwa Maris, tsakiyar sanyi, sai a ce yunit 1,500 da 8,500, riba fam 98, kusan kunnen doki da kuɗin fita. Amma in kamfaninta yana yafe kuɗin fita ga mai sauya gida, to tashin ya zame mata ƙofar fita kyauta daga yarjejeniya mai tsada, ko rani ne ko sanyi.

Abu ɗaya ya rage a saka cikin lissafi, shi ne gidan kansa. Wanda ya tashi daga ɗaki biyu a bene zuwa tsohon gida mai ɗaki huɗu da tagogi marasa riƙe ɗumi, gas ɗinsa zai iya ninkawa, kuma kowane rabin peni ya ƙara nauyi. Mai gidan haya wajibi ne ya ba ka takardar EPC, wadda ke auna yadda gida ke riƙe ɗumi daga A zuwa G. Duba ta kafin ka ƙiyasta.

Ranar makulli

Ranar tashi, bayan an fitar da kaya an kashe fitilu, abu na ƙarshe shi ne mita. A tsofaffin gidaje ta wuta tana yawan kasancewa a ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, cikin duhu, bayan tsintsiya da injin shara. Haska fitilar waya. Ta gas kuma sau da yawa tana waje, cikin farin akwati a jikin bango ko wani mai ruwan ƙasa a ƙasa, wanda ake buɗewa da ɗan makulli mai baki kusurwa uku. Karanta alƙaluma daga hagu zuwa dama, ka bar jajayen da waɗanda ke bayan ɗigo. In Economy 7 ce, karatu biyu ne, na dare da na rana. Ɗauki hoto yadda alƙaluman da lambar jikin mitar za su fito tare. Ko mitarka ta zamani ce mai aika karatu da kanta, ɗauki hoton, domin takan daina aikawa ba tare da ka sani ba. Ɗan allon da ke nuna abin da ake sha kuma a bar shi a gidan, da mitar can aka haɗa shi, ba zai yi aiki a wani wuri ba.

Tura karatun ga kamfani a ranar, tare da adireshin da za a same ka. Kada ka je banki ka tsayar da cirar kuɗin wata-wata tukuna, domin ta nan ne za a mayar maka da rararka in kana da ita. Wanda ya tashi a ƙarshen bazara yakan samu rara mai kauri, saboda ya yi watanni yana biyan fiye da abin da yake sha. Kamfani yana da mako shida ya aiko da bil na ƙarshe, da kwana goma na aiki bayan haka ya dawo da rarar. In ya saɓa, akwai diyyar da doka ta ce ya biya ka.

A sabon gida ma haka za ka yi, kafin a dafa ko ruwan shayi. Kuma ranar da ake ƙirgawa ita ce ranar da hayarka ta fara, ba ranar da ka fara kwana ba. In ka karɓi makulli ranar 1 ga wata amma ba ka bar tsohon gida ba sai ranar 14, mako biyun nan kuɗin kullum na gida biyu yana kanka. A bene mai ɗakuna da yawa mitoci sukan taru a ɗaki ɗaya a ƙasa, kowace da lambar ɗaki da wani ya rubuta da alƙalami, kuma akan samu kuskure. Gwada lambar jikin mitar da wadda kamfani ke da ita. In kana shakka, sa wani ya kunna butar lantarki a sama kai kuma kana kallon wace mita ce ta ɗauki gudu.

Za ka iya tarar da wasiƙu a bakin ƙofa waɗanda ba su da sunan kowa, an rubuta su ga mazaunin gida kawai. Buɗe su, galibi daga kamfanin da ke ba gidan wuta suke. In babu, tambayi mai gidan ko dillali. Na gas ana samunsa a shafin intanet na Find My Supplier da lambar yanki, na wuta kuma kamfanin rarraba wuta na yankin zai gaya maka. Kira su, ka ba su sunanka da ranar shigarka da karatun mita, ko da ba ka da niyyar zama da su. Tsohon kamfaninka ba zai karɓi gidan nan take ba. Sauya kamfani a yanzu yana ɗaukar har kwana biyar na aiki, kuma kwanakin da ke tsakani za ka biya wancan kamfani a farashinsa. Ƙaramin bil zai zo daga gare su. Halal ne, biya shi, kada ka ɗauka kuskure ne ka jefar.

Mitar kati tana bukatar kulawa ta musamman, kuma a nan ne sabon zuwa daga gida ya fi shiga hasara, domin mun saba da cewa bashin mita na wanda ya tarar da ita ne. A Birtaniya bashi na wanda ya ci ne. Kada ka loda kuɗi a makullin mita ko katin da tsohon mazauni ya bari, domin in akwai bashi a kansa, mitar za ta riƙa cire shi daga kuɗinka kaɗan-kaɗan. Kira kamfanin su share mitar su ba ka naka. In dare ya yi dole ka loda, ajiye rasit don a mayar maka. Mai son komawa biyan wata-wata don ya riƙe tsohon farashinsa yana iya roƙon a sauya masa, kuma in mitar ta zamani ce ana iya yin haka daga ofis ba tare da kowa ya zo ba.

Ga mai haya: in bil yana zuwa da sunanka, kana da ikon zaɓar kamfanin da kake so, ko da mai gidan yana da wanda ya fi so. Kyautatawa ce ka sanar da shi, kuma wasu takardun haya sun sharɗanta hakan. In kuwa kuɗin wuta yana cikin kuɗin haya, kamar yadda ake yi a gidajen ɗalibai da na haɗaka, to ba ka da asusun da za ka mayar da farashinka a kai. Sai dai ka rufe tsohon, ka roƙi a yafe kuɗin fita tunda ba wani kamfani ka koma ba. Gidan da ke da tsoho, ko mai ciki, ko ƙaramin yaro, ko mara lafiya mai amfani da na'urar da ke bukatar wuta, ya sake sa sunansa a rajistar masu bukatar kulawa ta musamman a sabon adireshi. Kyauta ce, kuma ita ke sa a fara tunawa da ku ranar da wuta ta ɗauke.

In an yi maka alkawari an saɓa, ko an caje ka kuɗin fita a cikin kwana 49 na ƙarshe, rubuta ƙorafi ga kamfanin, ka haɗa da imel ɗin da hotunan mita. In mako takwas ya wuce ba a warware ba, ko suka rubuto cewa sun gama magana, kai ƙara ga ofishin sauraren ƙorafi na Energy Ombudsman. Ba a biyan ko peni, kuma in ka amince da hukuncinsu dole kamfani ya bi. Citizens Advice ma suna ba da shawara kyauta tun kafin a kai nan.

Aiki

1. Wani gida yana shan yunit 3,200 na wuta da 14,000 na gas a shekara. Tsayayyen farashinsa peni 23 ne da peni 5.8, na kasuwa kuma peni 25.5 da peni 6.4. Kuɗin kullum ɗaya ne. Nawa zai rasa a shekara in bai tafi da farashinsa ba?

2. Yarjejeniyar wata mata za ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba, za ta tashi ranar 20 ga Oktoba. Ƙirga kwanakin. Za a iya cajinta kuɗin fita?

3. Ku zauna bibbiyu. Ɗaya ya zama mai tashi daga gida mai gas a Manchesta zuwa bene mara gas a Landan, ɗaya ya zama ma'aikacin kamfani. Mai tashi ya yi duk tambayoyin da suka kamata, sannan ku musanya.

4. Kowa ya zo aji na gaba da bil ɗinsa na ƙarshe, ya rufe suna da adireshi, ya ja layi a ƙarƙashin sunan farashinsa, ranar ƙarewarsa, kuɗin fita, da lambobin MPAN da MPRN. Wanda bai samu ɗaya daga cikinsu ba ya kira kamfaninsa ya tambaya, ya rubuto amsar da aka ba shi.